Na Karanta Labarai a Garin da Aka San Gidanmu

Sama da shekara ashirin na yi ina karanta labarai da Hausa a talabijin, kuma duk a Katsina na yi su, inda aka binne cibiyata. Mai karanta labarai daga Abuja ko Landan, in ya gama ya cire makirufo ya tafi gida, da wuya ya haɗu da waɗanda ya ambata. Ni kuwa duk wanda na kira sunansa da dare, washegari ina iya haɗuwa da matarsa a layin ganin likita, ko ƙanwarsa a gidan suna, ko shi kansa a bakin Ƙofar Soro. Wanda bai san ni ba ya san mahaifina, wanda bai san mahaifina ba ya san zauren kakana. A kan wannan aikina ya ginu gaba ɗaya.

An haife ni a 1975 a cikin birni, ta wajen Ƙofar Marusa. Baba tela ne, manyan riguna yake ɗinkawa. Kakana na wajen uba ya yi karatun allo da na littattafai, amma bai yi boko ba, ga shi da son jin halin da duniya ke ciki. Rediyonsa ba ta barin Kaduna sai lokacin BBC ya yi. In an kawo Gaskiya Ta Fi Kwabo ni ake ƙwala wa kira, don ni ce ta fari a jikokinsa da ta iya karatun boko ba gargada. Sai in zauna a ƙofar zaure ta ciki, shi da abokansa suna kan buzu, in yi ta karantawa. In na yi sauri ya ce, "Ke, wa ya koro ki?" In na kai kan labarin da ya girgiza su, kafin a fara salati sai ya ɗaga hannu ya ce, "Dakata. Wa ya faɗa?" In koma baya in nemo wanda jaridar ta jingina wa maganar. In ban same shi ba ya ce a wuce gaba, zancen da ba shi da uba ba a ɓata masa yawu.

Ina 'yar shekara 12 aka ba mu jiha. Ranar 23 ga Satumba, 1987 Janar Ibrahim Babangida ya sanar da cire Katsina daga tsohuwar jihar Kaduna, gari ya ɗauki guɗa da hon har dare. Ma'aikata suka fara dawowa daga Kaduna da iyalansu, aka buɗe ma'aikatu, harkar rediyo da talabijin ta gida ta fara kafuwa. A gidan maƙwabcinmu, a wata talabijin mara kala da ake haɗawa da batirin mota, na fara ganin mace da ɗankwali da mayafi irin na iyayenmu tana karanta labarai da Hausa. Sauran yara wasan kwaikwayo suke jira, ni ita nake jira.

Daga sakandaren 'yan mata na wuce Jami'ar Bayero ta Kano, sashen koyon aikin jarida. Yajin aikin malaman jami'a ya ja mana karatun, sai a 1999, shekarar da mulki ya dawo hannun farar hula, na kammala. Na yi bautar ƙasa, na dawo gida, aka ɗauke ni aiki a ɗakin labarai na wani gidan talabijin a nan Katsina.

Rigima ba ta taso ba sai da aka ce za a sa ni gaban kyamara. Karatu kowa ya yarda da shi, aikin ofis ma ba a ƙi ba, amma a ce ɗiyar gidan ta fito a akwati, mazan gari na zaune a majalisa suna kallon fuskarta, wannan Gwaggo ba ta ga ta inda zai yiwu ba. Da sassafe ta taso daga Rafindadi, ko zama ba ta yi ba ta ce wa Baba, "Kai yanzu ka yarda da wannan abu? Wa zai zo neman wadda duk gari ya gama gani?" Ba ƙiyayya ba ce, a ɗakinta aka yaye ni. Lokacin kuma ba a daɗe da ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar ba, ko'ina zancen ke nan, me ya halatta ga mace, me bai halatta ba.

Baba bai ba ta amsa ranar ba. Sai da ya yi shawara da malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, sannan ya kira ni shago. Yana zare a allura yake magana, bai ɗago ba. Ya ce, "Zancen sutura ba sai na faɗa miki ba, kin san gidan da kika fito. Bakinki nake jiye wa tsoro. In kika zubar wa mutum mutunci a gaban jama'a, ba ki da abin kwashe shi. Abin da ba ki tabbatar ba, ko wa ya miƙo miki takardar, kada ki karanta shi, don sunana ne a bayan naki." Gwaggo kuwa har ta koma ga Allah ba ta taɓa zama ta kalle ni ba, ba ta kuma sauya ra'ayi ba. Amma da aurena ya zo, ita ta tsaya a kan kayan ɗakina daga gado har tukunya.

Masu kallo rabin awar da muke fitowa kawai suke gani, aikin kuwa tun hantsi yake farawa. A zauna taron safe, edita ya raba aiki, 'yan rahoto su yi ta jayayya a kan kyamara biyu da mota ɗaya. Da la'asar a dawo da kaset, masu tace hoto su shige ɗakinsu, mu kuma mu hau teburin fassara, domin yawancin labarin da Turanci ake fara rubuta shi. A tafireta muke bugawa da takardar kabon. Editanmu dattijo ne da ya yi aiki tun zamanin Rediyo Talabijin Kaduna, jan biro ba ya barin aljihun rigarsa. In na kai masa fassarar da ba ta kwanta masa ba, ba ya faɗa, sai ya ce, "Je ki karanta wa Baba maigadi." In maigadi ya ce bai gane ba, to a sake. Ranar kasafin kuɗi ta fi kowace rana wuya. In takarda ta ce an ware naira miliyan kaza don samar da ruwa a karkara, sai ya maido ni da tambaya: rijiya nawa ke nan, a waɗanne garuruwa? Yakan ce, "'Yata, mutumin Kaita ba miliyan yake sha ba, ruwa yake sha."

Sai haddar sunaye. Jihar nan ƙananan hukumomi 34 gare ta, ga masarautar Katsina ga ta Daura, kowane hakimi da sarautarsa da garinsa. Ranar hawan Sallah in aka zaunar da ke kina bayani kai tsaye, ba mai raɗa miki komai. Tun daga nesa za ki gane tawagar Ƙaura ta Rimi, ki bambanta ta da ta Durɓi ta Mani, da ta 'Yanɗaka ta Dutsin-ma, da ta Galadima ta Malumfashi. In kika ba wani sarautar wani, kafin ki isa gida saƙo ya riga ki. Wurin wani tsohon maroƙin fada na je na ɗauki wannan karatu, yana faɗa ina rubutawa.

Situdiyonmu na farko ɗaki ne mara taga. Ga manyan fitilu a kanki, na'urar sanyaya ɗaki kuma sai an kashe ta in za a fara, don makirufo na ɗaukar ƙararta. A watan Afrilu gumi na bin bayanki a ƙarƙashin mayafi, fuska kuwa dole ta zauna lafiya. Na'urar da ke nuna rubutu a jikin kyamara sai daga baya muka same ta. Takarda ce a hannu, ki haddace ƙarshen jimla, ki ɗago ki faɗe shi kina duban mai kallo. Mai ba da alama na tsugune gefen kyamara yana ƙirga da yatsu, jar fitila ta kama, ki yi sallama. Wani lokaci ki ce "ga rahoton", kaset ya sarƙe, ki ba da haƙuri ki wuce labari na gaba. In aka ɗauke wuta, da mu da masu kallo duk mu jira janareta. Daga baya an tura ni kwas a Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos, a can na koyi sarrafa numfashi, da rubuta labari yadda zai bi hoto ba tare da maimaita abin da ido ya riga ya gani ba.

Na yi aure a 2002. Maigidana malamin sakandare ne, ya kuma san aikina kafin ya aiko. Abin da ya fi wuya shi ne lokaci, domin labaran dare suna faɗowa daidai sanda kowace matar aure ke kwashe tuwo. A wurin aiki na yi goyo. Yarinyar da ke taya ni raino tana zaune da jariri a ɗakin da muke shiri, in shayar da shi, in gyara mayafi, in shiga. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ita ta riƙe mini gida a waɗannan shekaru. In maƙwabta suka yi mata habaici cewa surukarta ba ta dawowa sai dare, sai ta ce, "Ai kun san inda take, kuna kallonta."

Nauyin da ban zata ba shi ne na masu kawo kuka. Mutane sun ɗauka duk wanda ke fitowa a talabijin kwano ɗaya yake ci da gwamna. Da sassafe a yi sallama, a ce wani dattijo ne da fayil ɗin fansho a leda, ya yi shekaru yana bin haƙƙinsa, ko wata mata da takardar asibiti. Ba ni da ikon sa hannu a kan ko sisi. Abin da nake da shi kyamara ce da minti biyu. Wani lokaci minti biyun su yi aiki, a kira mutum a biya shi. Sau da yawa kuma shiru, sai in haɗu da shi a hanya ya gaishe ni da mutunci, in kwana abin yana cina.

Sanar da mutuwar manya ita ce babbar jarrabawar mai karanta labarai. A Fabrairun 2007 Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar ya rasu, a Maris ɗin 2008 Sarkin Katsina Alhaji Muhammadu Kabir Usman ya bi shi. Amma wadda ta fi tsaya mini ita ce ta Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa. Shekara takwas ya yi yana gwamna a nan kafin ya zama shugaban ƙasa a 2007, da yawanmu mun bi shi rangadi ƙauyuka da kyamara. Tun da aka fita da shi Jidda a Nuwamban 2009 babu makon da ba a ce ya rasu ba. Aka dawo da shi Abuja cikin dare a Fabrairun 2010, jama'a ba su gan shi ba, jita-jita ta ƙaru. A gidan biki mata su janye ni gefe: "Don Allah ke da kike ciki, yana da rai kuwa?" Amsata ɗaya ce, abin da na sani shi na karanta jiya. Wasu su ji haushi, a ganinsu ɓoye musu nake yi.

Daren Laraba, 5 ga Mayu, 2010 edita ya kira ni ya ce, "Hajiya, ki taho yanzu, ki sa mayafi mara ado." Maigidana ya kai ni. Na tarar wayoyin ɗakin labarai suna ta ƙara, amma dattijon nan ya ce ba mai shiga situdiyo sai sanarwar fadar shugaban ƙasa ta iso hannunsa. Da ta iso ya karanta ta sau biyu, ya cire gilashi ya goge ido, ya miƙo mini. Da inna lillahi wa inna ilaihi raji'un na fara. Muryata ta so ta karye a kan sunansa, na ja numfashi na ƙarasa.

Washegari aka kawo gawar Katsina, aka yi masa salla a filin wasa, aka kai shi maƙabartar Ɗanmarna. Mace ba ta bin gawa, don haka a situdiyo na wuni. Mota ba ta iya motsi a gari, a kan babur masu ɗaukar hoto suke aiko da kaset. Edita ya leƙo ya ce mini, "Inda kika ji mutane na kalmar shahada, ki yi shiru." Haka na yi, na bar muryar jama'a ta fita ita kaɗai. Bayan kwana biyu na je gaisuwa unguwar 'Yar'aduwa cikin mata, ba kyamara ba makirufo, na zauna a tabarma na yi addu'a na tashi.

Ba kullum gaskiya take fita ba, ko da ka same ta. Wata shekara aka kawo sanarwa daga wata ma'aikata cewa an kammala gyaran ɗakin shan magani a wani ƙauye. Direbanmu ɗan yankin ne, ya ce mini a hankali, "Hajiya, makon jiya na wuce ta wurin." Muka je. Rabin kwanon rufin iska ta yaye, jemagu sun cika silin, unguwarzoma ta nuna mini inda take shimfiɗa leda ta karɓi haihuwa da tocila a baki. Na ce ba zan karanta waccan sanarwa ba, ga rahoton abin da muka gani. An gama tace shi, ya hau jerin labaran dare, sai wani babba ya bugo waya. Aka cire rahoton. Kafin mako ya zagayo takarda ta fito an maida ni ɗakin ajiyar kaset. Edita ya same ni a can ya ce, "'Yata, ban iya kare ki ba, amma ban sa hannu ba." Na yarda da shi, har yau kuma ina yi masa addu'a.

Watannin da na yi a ɗakin nan sun nuna mini wata asara da ba wanda ke maganarta. Kaset ne jibge har rufi, ƙura da zafi suna cin su: hawan Sallah na shekaru, hawan Magajiya da sallar Gani a Daura, hira da dattawan da suka ga zamanin En'e, makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya. Wasu an goge su an ɗauki taron bikin ƙaddamar da wani abu a kai, saboda ba kuɗin sayen sabon kaset. Na samo babban littafi na bi su ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da ke ciki. Har yau ina roƙon a kwashe abin da ya rage a zuba a kwamfuta kafin ya ƙarasa lalacewa. Da iska ta sauya aka maido ni gaban kyamara, ba wanda ya ce mini komai, ni ma ban tambaya ba.

Zancen ambulan da ake miƙa wa 'yan jarida bayan taro da sunan kuɗin mota, ba zan yi wa kowa gori ba, na san albashin da ake biya, na san masu watanni ba a ba su ko shi ba. Amma na ga abin da yake yi wa aiki. Wanda ya ba ka kuɗin mota yau, gobe in ka ga ɓarnarsa harshenka zai yi nauyi. Laifin ya fi yawa a kan masu gidajen da ke tura yaro aiki ba ko kuɗin mai.

Zamana mace, da aka ɗauka cikas ne, shi ya buɗe mini ƙofofin da abokan aikina maza suke tsayawa a bakinsu. A Yulin 2018 ruwa ya yi ambaliya a Jibiya cikin dare, ya kashe mutum fiye da 40, ya kai wasu gawarwakin har cikin ƙasar Nijar. Manema labarai suna waje suna jiran jami'ai, ni na shige cikin mata. Wata ta kama hannuna ta kai ni inda ɗakinta yake a da. Ta shanya takardun makarantar 'yarta a kan dutse, ta danne kowace da tsakuwa, tawada ta narke. 'Yar kuwa ba a gan ta ba tukuna. Ba ta yarda a ɗauki fuskarta ba, sai muka ɗauki hannuwanta da takardun, muryarta na tafiya a kai. A ranar na ƙara tabbata cewa rabin labarin jihar nan yana cikin gidaje, inda aka rubuta ba shiga.

Daren Juma'a, 11 ga Disamba, 2020 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara daji. Kafin nan mun yi shekaru muna kawo rahoton hare-hare a Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa, har ta kai in an kashe mutane an kora shanu labarin ba ya hawa kanu. Wannan kam duniya ta juyo. Da na isa, iyaye sun cika bakin makaranta, wasu a nan suka kwana cikin sanyin hunturu. Na shiga ɗakin kwanan yaran. Akwatunan ƙarfe a buɗe, silifas ƙafa ɗaya-ɗaya a tsakar ɗaki, littafin lissafi a kife a kan katifa. Mai ɗaukar hotonmu ya yi aikinsa bai ce uffan ba.

Lissafi ya ƙi zama. Wasu yaran sun tsere sun kwana a daji suna dawowa ɗaya-ɗaya, wasu iyayensu sun kwashe su. Gwamna Aminu Bello Masari ya ce 333 ne ba a gani ba, a waya kuwa kowa da adadinsa. Sai ga saƙon murya da aka ce na shugaban Boko Haram na lokacin, Abubakar Shekau, ne yana cewa su suka kwashe yaran, hankalin iyaye ya ƙara tashi. Wata uwa da ta karɓi lambata a bakin makaranta takan kira bayan magariba, ba ta tambayar komai sai, "Hajiya, yau me za ki ce?" Rannan ta kira tana kuka, an turo mata wasu sunaye a WhatsApp an ce na waɗanda suka mutu ne, sunan ɗanta na ciki. Na ce, "Yaya, ban san wanda ya rubuta wannan ba, wanda ya turo miki ma bai sani ba. Ni ba zan karanta shi ba. Duk abin da ya tabbata, mai daɗi ko mara daɗi, za ki ji shi a bakina." Matasan ɗakin labarai sun matsa, suna cewa shafukan Facebook sun gama riga mu. Na ce a bar su su riga mu. Duk adadin da na karanta a makon nan sai na faɗi wanda ya ba da shi.

Daren Alhamis, 17 ga wata, aka sanar an sako yara 344. Da safiyar Juma'a aka kawo su gidan gwamnati a Katsina, ba takalmi, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, wasu sun lulluɓa da bargo, wasu na ɗingishi. Ɗan uwar nan da ke kira na yana cikinsu. Abin da ya ɓata mini rai a wannan safiya shi ne yadda aka riƙa cusa wa yaran makirufo a baki ana cewa su ba da labarin dukan da suka sha. Yaron da ya kwana shida a hannun waɗannan mutane wanka da abinci da uwarsa yake bukata. Na ce wa mai ɗaukar hotonmu ya ja baya ya ɗauko su daga nesa. Baƙin 'yan jarida suka tattara suka koma, ƙauyukan nan kuwa ba abin da ya sauya musu. A Satumban 2021 har aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, wakilanmu sai sun yi doguwar tafiya kafin su aiko da rahoto.

Yanzu na bar kujerar karatu, ina teburin edita. Ranar Lahadi, 13 ga Yuli, 2025 da tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya rasu a Landan, kafin mu kunna fitilun situdiyo labarin ya shiga kowace waya. Ranar Talata jirgi ya sauka da gawar a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, Shugaba Tinubu ya tarbe ta, aka wuce Daura ta mota, aka binne shi a gidansa. Duk inda kyamararmu ta juya wayoyi ne a sama, kowa na watsa nasa kai tsaye. A cikin abin da aka turo mana har da bidiyon wani tsohon taro da aka ce Daura ce a ranar. Yarinyar da ke karanta labaran daren ta so mu buɗe da shi saboda yawan jama'ar da ke ciki. Na sa ta kira wakilinmu da ke tsaye a wurin, ya ce ba a kafa irin waɗannan rumfuna ba. Muka ajiye shi. Hoto ya yi arha yanzu, ba na kuma baƙin ciki da haka, talaka ya samu bakin da ba sai ya zo ƙofar gidana da fayil ba. Amma har yanzu ana bukatar wanda zai bincika ya sa sunansa a kan magana.

Abin da ya fi cin lokacina a yanzu shiri ne na mako-mako da matan da hare-hare suka koro daga ƙauyukansu, suna zaune a kangwaye da gidajen 'yan'uwa a gefen gari. Masu talla ba sa son irin wannan shiri, man motata nake ƙonawa. Ba ma nuna fuskar mace sai ta yarda, ba ma faɗin sunan ƙauye in akwai sauran danginta a can. A makon jiya muka zauna da wata daga yankin Batsari. Na tambaye ta abin da take so hukuma ta ji, ta ce ita ba hukuma ta zo yi wa magana ba, cigiya ta kawo. Daren da suka gudu ta rabu da ɗan kishiyarta da take riƙo, yaro ne da bai wuce shekara tara ba, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, an ce mata an ga mai kama da shi cikin almajirai a wata tasha. Mun sa cigiyar bayan labaran dare, mun kuma miƙa ta ga abokan aikinmu na rediyo, don ita ta fi shiga ƙauye. Za mu sake maimaita ta ranar Juma'a, da kowace Juma'a har a ji wani abu.